Ɗan Issa: Inda Ake Auna Damtsen Yaro

Duk wanda ya saba bin hanyar Maraɗi zuwa Katsina ya san Ɗan Issa, ko da bai taɓa kwana cikinta ba. Nan motoci ke tsayawa a duwan kafin su gangara Jibiya. Abin da matafiyi ke gani shi ne manyan motoci jere a bakin hanya, 'yan canji da damin naira da sefa a hannu, 'yan kabu-kabu suna kiran fasinja. Akwai wani layin kuma da matafiyi bai cika lura da shi ba, domin ba a bakin titi yake ba. Layin mata ne masu goyo, a harabar likita.

Ka je can a watan Agusta, lokacin da hatsi ya yi kore shar a gona amma rumbu ya koma fayau. Tun da sassafe suke isowa, wasu a ƙasa, wasu a amalanke, wasu a bayan babur. A cikinsu akwai 'yan ƙauyukan gundumar Madarunfa, akwai kuma waɗanda suka tsallako daga ɓangaren Katsina, domin uwar da ɗanta ke ramewa ba ta tambayar inda iyaka ta bi. Harshe ɗaya ne, dangi ɗaya ne, ciwon ma ɗaya ne. Sunansa tamowa.

Aikin farko na ma'aikacin lafiya ba ya buƙatar wata na'ura. Wani ɗan siririn ma'auni ne mai launi uku, kore da rawaya da ja, ake zagaya shi a damtsen yaro. In ya tsaya a ja, wato kaurin damtsen bai kai santimita 11.5 ba, tamowa ta yi tsanani. Sai a danna bayan ƙafafun yaron da babban yatsa, a ɗan jira, a ɗaga. In wurin ya lotsa bai taso ba, kumburi ne, kuma wannan ƙibar da ke yaudarar ido ita ce alama mafi ban tsoro. Daga nan a ɗora shi a sikeli, a auna tsawonsa. Sannan a miƙo wata 'yar leda, a ce wa uwar, “Baiwar Allah, wanke hannunki ki ba shi, mu ga ko zai ci.” In ya ci, uwa za ta koma gida da rabon mako guda, ta dawo mako mai zuwa. In ya ƙi ci, ko yana da zazzaɓi mai zafi, ko numfashinsa na sama-sama, to sai kwanciya a asibiti.

Wannan ledar tana da tarihi, kuma babban ɓangaren tarihin a jihar Maraɗi aka rubuta shi. Gram 92 ce, cikinta gyaɗa ce niƙaƙƙiya da garin madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki. Wani likita Bafaranshe, André Briend, da mai kamfanin Nutriset, Michel Lescanne, su suka haɗa ta a 1996, suka sa mata suna Plumpy'Nut. Hikimarta ita ce ba ta son ruwa, ba ta son wuta, ba ta lalacewa da wuri. Kafin zuwanta, yaro mai tamowa mai tsanani sai an kwantar da shi ana ba shi madara ta musamman har kusan wata guda, uwarsa na zaune a gefensa. Wace uwa ce za ta bar gona a tsakiyar damina, ta bar sauran 'ya'ya da girki da surukai, ta tare a asibiti wata cur? Da yawa ba sa zuwa, waɗanda suka zo kuma sukan gudu kafin a sallame su. Ba rashin so ba ne. Lissafi ne mai ɗaci da talauci ke tilasta wa mace.

Sai ga shekarar 2005. Daminar 2004 ta zo da ƙarancin ruwa da fara, farashin hatsi ya tashi fiye da ƙarfin talaka. Abin da ya ɗaure wa baƙi kai shi ne, yaran da suka fi galabaita ba daga hamada suka fito ba, daga kudancin Maraɗi suke, yankin da ake kira rumbun ƙasa. Hatsi na kasuwa, kuɗin sayensa ne babu. A wannan shekara ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a gidajen iyayensu, da wannan leda. Ba a taɓa yin irin haka da yawa haka ba a ko'ina. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Hukumar Abinci ta Duniya suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa, suka amince cewa jinyar tamowa a gida ita ce hanya ga yaron da ba shi da wata cuta a kai. Abin da uwayen Maraɗi suka nuna zai yiwu, shi ya zama ƙa'ida daga Habasha har Afganistan.

Daga nan masu bincike suka mai da hankali kan wannan yanki. Cibiyar Epicentre, wadda ita ce reshen bincike na MSF, tana da mazauni a Maraɗi, kuma daga ƙauyukan da ke kewaye aka samo amsoshin tambayoyin da likitocin duniya suka daɗe suna gardama a kansu. Sunan da ya fi fitowa a kan waɗannan rubuce-rubuce shi ne na Sheila Isanaka ta jami'ar Harvard da ke Amurka, tare da Rebecca Grais da Ousmane Guindo da Farfesa Ali Djibo da wasunsu.

Tambayar farko mai sauƙin faɗi ce: don me za a jira sai yaro ya rame kafin a ba shi? A 2006 aka ɗauki ƙauyuka 12 a jihar Maraɗi, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. A shida daga ciki, aka riƙa ba yaran da ba su kamu ba leda ɗaya kullum har wata uku, a lokacin da abinci ya fi ƙaranci. Yara 3,533 aka bi sawunsu. Da sakamakon ya fito a mujallar JAMA a 2009, an ga kamuwa da rama ta ragu da kashi 36 cikin ɗari, mai tsanani kuwa da kashi 58. Kakanninmu sun riga sun ce rigakafi ya fi magani, amma masu riƙe da kuɗin agaji ba sa sakin dala sai sun ga alƙaluma. Aka ba su.

Tambaya ta biyu ta fi jan hankalina, domin a nan ne ake gane mai binciken gaskiya. An daɗe ana ba duk yaro mai tamowa mai tsanani maganin amoksisilin, ko da alamar cuta a jikinsa ko babu. Wani bincike da aka yi a Malawi, aka wallafa a 2013, ya goyi bayan haka. To daga Oktoban 2012 zuwa Nuwamban 2013 aka gwada abin a cibiyoyin lafiya huɗu na gundumar Madarunfa, da yara kusan 2,400. Rabi aka ba su maganin na kwana bakwai, rabi aka ba su wani abu mai kamarsa sak wanda babu magani cikinsa. Uwa ba ta san wanne ɗanta ya sha ba, ma'aikacin da ya miƙa mata ma bai sani ba. Sakamakon da mujallar New England Journal of Medicine ta buga a 2016 ya nuna kashi 65.9 na waɗanda suka sha maganin sun warke, na ɗaya ɓangaren kashi 62.7. Tazarar ba ta kai a kafa hujja da ita ba. Sai dai masu binciken ba su ɓoye ɗaya gefen ba: waɗanda suka sha maganin ba a cika tura su kwanciya asibiti ba kamar sauran. Suka faɗi wannan, suka faɗi wancan. Hukumar Lafiya ba ta janye shawararta ta ba da maganin ba, amma tun daga lokacin dole kowa ya riƙa tunanin illar ɗura wa miliyoyin yara maganin da ƙwayoyin cuta ke iya sabawa da shi har ya daina aiki.

Ta uku ta shafi gudawa, babbar ƙawar tamowa. Ƙwayar cutar rota ta kashe yara kusan 215,000 a duniya a 2013 kaɗai. Rigakafinta akwai, amma yana son sanyi, mu kuwa a bazara ko ruwan tulu ɗumi yake yi, wutar firji kuma ba kullum ba. Kamfanin Serum Institute na Indiya ya yi wani mai jure zafi, aka gwada shi a ƙauyukan Madarunfa, ana ɗiga wa jarirai a baki suna da mako 6 da 10 da 14. Cikin jarirai 3,508, gudawa mai tsanani ta kama 31 a ɓangaren da aka yi wa rigakafin, 87 a ɗaya ɓangaren. An buga wannan a 2017, shekara ta zagayo Hukumar Lafiya ta amince da rigakafin, mai suna Rotasiil.

  Garkuwar jiki ita ce dai abin da ake fafutukar ginawa a harabar likitan Ɗan Issa. Yaron da bai ƙoshi ba garkuwarsa rarrauna ce, shi ya sa ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro da wani yaron zai tashi daga gare su, shi sai su tafi da shi. Cutar ta ƙara ramar da shi, ramar ta sake buɗe wa cuta ƙofa. Don haka ne tun 2013 aka fara rabon maganin rigakafin zazzaɓi wata-wata a damina a wannan yanki.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Duk alƙaluman nan da na jero, kowane ɗaya ɗan wata ne. Wata uwa ce ta saurari bayani, ta sa hannu ko ta dangwala yatsa, ta yarda a auna ɗanta, ta riƙa dawowa ranar da aka ce ta dawo, ko ranar noma ce. Wasu matasa ne 'yan ƙasa suka bi gida gida da takarda da biro. Sakamakon ya fito da Turanci, a mujallun da ake karantawa a Boston da Janeba. Ya kamata a ce matar da ta ba da ɗanta aka gwada rigakafi ta ji da kunnenta, da Hausa, abin da aka samu. Hakkinta ne, ba alfarma ba.

Kuma leda, duk amfaninta, magani ce, ba noma ba ce. Tun 2005 har yau, layin bai ƙare ba. Gonaki sun tsuke saboda yawan jama'a, manomi na sayar da hatsi da araha a kaka don biyan bashi, ya sake sayensa da tsada a damina. Kunun da ake yaye yaro da shi sau da yawa ruwa ne da gari, ga gyaɗa da wake da zogale ana nomawa amma suna tafiya kasuwa. Kwanika na sa a cire yaro daga nono ba shiri. 'Yan bindiga kuma sun raba ƙauyukan bakin iyaka da gonakinsu a ɓangarorin biyu. Wanda ya ce jahilcin uwaye ne kawai, bai zauna da su ba.

Akwai abu ɗaya da bincike ya tabbatar wanda ke hannunmu. A Mirya ta jihar Damagaram, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun koya wa uwaye auna damtsen 'ya'yansu da kansu, aka ga sun iya, kuma suna kawo yaran da wuri kafin abin ya yi nisa. Ma'aunin nan kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ina roƙon hakimai da masu gari da limamai da gidajen rediyon Maraɗi da Katsina su sa baki a kai shi kowane gida. Ina kuma roƙon masu bincike, duk ranar da suka kammala aiki, kafin takarda ta tafi Turai, su dawo ƙofar gidan mai gari su tara matan, su faɗa musu abin da 'ya'yansu suka koya wa duniya.