Gidan da Ke Jingine a Banki: Wa Ke da Shi, Wa Zai Biya, Idan Aure Ya Mutu?

Godiya ta tabbata ga Allah Wanda Ya halatta aure, Ya sanya wa rabuwa iyakoki. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da Alayensa da Sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan mako shi ne wata mas'ala da wata baiwar Allah ta kawo mana. Mijinta ma'aikaci ne, ya ci bashin banki ya sayi gida, ita kuma ta sayar da gonar da ta gada ta ba shi ya cika kuɗin. Da zama ya ƙi daɗi ya sake ta, ya ce mata a gaban 'ya'yansu ƙanana ya bar mata gidan, ta ci gaba da biyan banki. Ta yi shekaru tana biya da guminta, har Allah Ya yi masa rasuwa, sai magada suka zo da takardar gida mai ɗauke da sunansa shi kaɗai, banki kuma ya ce bai san da ita ba. Ba ta da rubutu, ba ta da shaida baligi ko ɗaya. Wannan shi ne abin da muke ji wa jama'a tsoro, domin kuwa gida uku ne a wuri guda: akwai haƙƙin zama a cikinsa, akwai mallakarsa, akwai kuma bashin da ke kansa, kowanne da hukuncinsa dabam.

Haƙƙin zama

Da farko dai, sakin aure ba ya fitar da mace daga ɗakinta nan take, kamar yadda al'ada ta saba na cewa da an miƙa takarda sai a kwashe kaya. A aya ta farko ta Suratul Ɗalaƙ Allah Ya hana a fitar da matan da aka saka daga gidajensu, a aya ta shida kuma Ya yi umurni da a zaunar da su gwargwadon hali. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, duk macen da aka tare da ita tana da haƙƙin masauki har iddarta ta cika, ko da saki uku ne. Ciyarwa kuwa tana wajaba ga wadda sakinta na kome ne, da kuma mai ciki. Bayan idda, idan 'ya'ya suna hannunta, to masaukinsu da abincinsu suna wuyan ubansu. Amma a lura, wannan haƙƙin zama ne kawai, ba ya mayar da gida ya zama nata.

Mallakar gida

Musulunci bai gauraya dukiyar miji da ta mata ba saboda aure. Aya ta 32 ta Suratun Nisa'i ta tabbatar wa maza rabonsu daga abin da suka tsiwirta, ta tabbatar wa mata nasu. Saboda haka abin tambaya shi ne, da wace niyya matar ta ba da kuɗinta? Idan rance ne, sai a mayar mata da adadin da ta bayar. Idan kyauta ce da daɗin rai, ta wuce. Idan kuwa tarayya suka yi nufi, to tana da kaso a cikin gidan gwargwadon abin da ta zuba, ko da sunanta bai fito a takarda ba, matuƙar ta kawo hujja.

Bari mu buga misali. A ce an yi wa gida ƙima ta naira miliyan 20, saura miliyan 8 na banki. Abin da ke nasu na haƙiƙa miliyan 12 ne. Idan sulusin abin da aka biya daga hannunta ya fito, tana da miliyan 4, shi yana da miliyan 8. Wanda zai riƙe gidan sai ya biya ɗan'uwansa kasonsa, ya ɗauki ragowar bashi. Idan ɗayansu ya sayar da kasonsa ga bare, ɗayan yana da haƙƙin shufu'a, watau ya karɓe kason a kan kuɗin da aka saya. Idan duk sun gaza, gidan kuma ba ya rabuwa sai da ɓarna, sai a sayar, a sallami banki, a raba saura.

To, idan miji ya ce ya ba ta gidan kyauta fa? Malamanmu sun ce kyauta ba ta cika sai da hauzi, watau wanda aka bai wa ya karɓe ta a hannunsa; idan mai bayarwa ya mutu kafin haka, ta koma gado. Har ma a Muhtasar na Shehu Halil an bayyana cewa mace za ta iya ba mijinta gidan da suke zaune a ciki kyautar ta inganta, amma idan miji ne ya ba matar alhali yana zaune a ciki, hauzi bai samu ba. Lalle ne ke nan ya fita da kayansa, shaidu adilai su gani da idonsu. Haka kuma wanda bashi ya kewaye dukiyarsa, masu binsa suna da ikon warware kyautarsa.

Bashi da jingina

Nan ne mutane suka fi zamewa. Jingina halal ce, ta zo a aya ta 283 ta Suratul Baƙara, kuma ya tabbata a cikin Buhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu sulkensa yana jingine wurin wani Bayahude a kan sha'ir. Abin da aka jinginar kuwa haƙƙin mai bin bashi ya rataya a kansa, ba a sayar da shi ko a kyautar ta hanyar da za ta tauye wannan haƙƙi.

Mayar da bashi daga wuyan wani zuwa wuyan wani shi ake kira hawala, kuma daga sharuɗɗanta akwai yardar mai bin bashi, da kasancewar wanda aka tura wurinsa shi ma ana binsa bashi, da kuma cewa lokacin biya ya yi. Idan babu bashi a kan wanda aka tura wurinsa, to lamuni ne kawai, na farko bai kuɓuta ba. Tun da yake bashin gida na shekaru ne masu zuwa, hanyar da ta fi tsira ita ce a je wurin bankin tare, a ƙulla sabuwar yarjejeniya da sunan wanda zai riƙe gidan, a karɓi takardar da ta kuɓutar da ɗayan. Duk alkawarin da miji da mata suka yi a zaure ba ya ɗaure banki. Wanda sunansa ke kan bashi shi za a bi, ko ya bar gidan shekara goma. Wanda kuma sunansa ba ya kan takardar gida yana iya biya har ƙarshe ya tashi a tutar babu.

Dokar ƙasa ma a nan ta tsananta. Dokar Amfani da Filaye ta 1978, a sashe na 22, ta hana mai takardar mallaka ta gwamnatin jiha ya sayar, ko ya jinginar, ko ya mayar wa wani ba da amincewar gwamna ba, kuma a 1989 Kotun Ƙoli ta ɓata wata jingina saboda rashin wannan amincewa a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo. Har ila yau, ikon raba kadara da dokar shari'o'in aure ta 1970 ta bai wa kotu bai shafi auren Musulunci ba. Kada mace ta dogara da cewa za a raba gida biyu kamar yadda take jin ana yi a Ingila ko Amurka. Hujjarta ita ce makaminta.

Ba za mu wuce ba sai mun faɗi gaskiya game da kuɗin ruwa. Da yawa daga ma'aikata sun sami gida ne ta Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda Bankin Jinginar Gidaje na Tarayya ke kula da shi, ko ta bankunan kasuwa, galibi kuma da ruwa a kai. Riba haramun ce, ƙanƙanta ko babba. Wanda ya riga ya shiga sai ya tuba, ya gaggauta fita, kada kuma ya fake da haramcin ya bar tsohuwar matarsa da 'ya'yansa a hannun masu gwanjo. Tun daga 2012 da Bankin Jaiz ya fara aiki an sami bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, sai a tuntuɓe su a ga ko za a iya sauya cinikin.

Nasiharmu

Ya ɗan'uwa, idan rabuwa ta zama tilas, to a zauna da waliyyai da malami masani tun idda ba ta ƙare ba. A nemo daga banki adadin abin da ya rage. A sa masana su ƙimanta gidan. A rubuta kason kowa da wanda zai biya, shaidu biyu adilai su sa hannu, a kai gaban alƙali, sa'an nan a bi ta hannun lauya zuwa banki da ma'aikatar ƙasa da safiyo har suna ya sauya. Kafin a kammala, kada a dakatar da biyan wata-wata, domin asarar ta kowa ce. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ba kuwa don rashin yarda da juna ba, sai don mutum ɗan mantuwa ne, kuma mutuwa ba ta sallama.

Mu tuna an kawo wa Manzon Allah gawar wani mai bashi, ya ƙi yi masa salla sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Allah kuma Ya umurci mai saki da ya riƙe da alheri ko ya rabu da kyautatawa. Ba kyautatawa ba ne a bar mace da gidan da ba nata ba, ko a bar namiji da bashin gidan da ba ya ciki.

Allah Ya daidaita tsakanin ma'aurata, Ya sauke mana nauyin bashi, Ya sa mu gama da duniya lafiya. Amin.