Kafin Mu Sayi Sabuwar Lasifika, Mu Duba Wayar Da Ke Bango

Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Katsina ta ratsa Kurfi zuwa Dutsin-Ma da safiyar Lahadi, yakan ji muryar yabo tun kafin ya hango ginin majami'a. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, ɗalibai daga sassan ƙasar nan suka ƙaru a cikinmu, suka zo da jita da kibod da gwanintar waƙa. Ikilisiyoyi kuwa suka shiga tara baiko don sayen amfilifaya da miksa da manyan lasifikoki. Wannan abin godiya ne ga Ubangiji.

Amma 'yan'uwa, mu faɗa wa juna gaskiya. Sau nawa muka zauna a sujada, fasto na tsakiyar wa'azi, sai gurnani ya cika lasifika, tsofaffin da ke baya suna tambayar na kusa da su abin da aka ce? Nan da nan sai mu ɗora wa na'urar laifi, a kafa kwamitin sayen sabuwa. Alhali sau da yawa ciwon yana cikin bango. Kayan da aka kashe wa dukiya mai yawa, sai a tarar an jona su duka a ekstenshan guda, a kan siririyar wayar da aka ja tun zamanin NEPA don ƙwan fitila biyu da fanka.

A ƙasashen waje akwai masu sha'awar kiɗa da ke ja wa kayan sautin gidansu layin wuta na musamman, su sa soket masu tsadar gaske. A 2016 jaridar Wall Street Journal ta ba da labarin waɗansu a Japan da har turken wuta nasu na kansu suka kafa a ƙofar gida. Masana na gardama ko kunne na iya bambance soket mai ruwan zinariya da na kasuwa. Mu dai ba wannan gasar ce a gabanmu ba. Abin da za mu ɗauka a wurinsu shi ne layi na musamman, don amfaninsa a fili yake.

Ga dalili. Wutar da KEDCO ke rabawa a Kano da Katsina da Jigawa tun 2013, ƙa'idarta bolt 230 ce. Soket mai baki uku da muka saba da shi amfiya 13 yake ɗauka, wato wajen wat 3,000. In aka haɗa amfilifaya da firij da injin jan ruwa da hitar dafa shayi a layi ɗaya, duk lokacin da inji ya tashi sai ƙarfin wutar ya faɗi, a ji ƙas a lasifika. Waya kuma ta yi ta ɗaukar zafi har robarta ta narke. Daga nan gobara ba ta da nisa.

Maganin shi ne a ja waya daga allon rarraba wuta kai tsaye zuwa inda kayan sauti suke, kada a jona mata komai a hanya. Ta zama ta jan ƙarfe zalla mai kaurin milimita 2.5, da birekarta mai amfiya 20, da soket isassu a bango. Miksa da amfilifaya da kibod duk su sha wuta daga wannan layin, domin jona su a layuka dabam-dabam na cikin abubuwan da ke kawo gurnanin nan. A kuma yi hattara da waya mai arha wadda cikinta alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe. Araha ba ta ado.

Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne wayar ƙasa, wadda masu wayarin ke kira at. Ita ce baki na uku a jikin fulogi, aikinta kwashe wutar da ta ɓalle ta kai ta ƙasa, maimakon ta bi jikin mutum. Waɗansu samarinmu sukan cire ta wai don gurnani ya tafi. Wannan wasa da rai ne. A watan Oktoba na 2005, Fasto Kyle Lake na wata majami'ar Baptis a garin Waco na Amurka yana tsaye cikin ruwan baftisma, ya kai hannu ga makirufo, wuta ta kama shi a gaban jama'arsa, ya rasu yana da shekara 33. In makirufo na ɗan tsikarar leɓen mai waƙa, gargaɗi ne, a kashe kayan a kira gwani.

A yankinmu akwai ƙarin wahala. Dutsin-Ma ƙasar duwatsu ce kamar yadda sunanta ya nuna, kuma busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta sosai, balle da rani. Saboda haka a kafa sandar ƙasa a wuri mai danshi, a auna ta da mita, in guda ba ta isa ba a ƙara. Aikin nan ba na ɗan koyo ba ne, ko da ɗan ikilisiya ne mai himma. A nemi mai takardar shaidar hukumar NEMSA, a biya shi hakkinsa.

Akwai kuma abin da ba ya cin ko kwabo. In za a kunna kaya, amfilifaya ce ta ƙarshe. In za a kashe, ita ce ta farko. Kafin a juya daga wutar gari zuwa janareta, a kashe ta. In hadari ya haɗo da damina, a zare fulogi daga bango.

A 1 Korintiyawa sura 14, Manzo Bulus ya kawo misalin ƙahon da ba a fahimtar busarsa, ya nuna ba mai yin shiri saboda shi. Haka lasifikar da ake jin ta har bakin kasuwa, amma na cikin majami'a ba su gane maganar ba. Muna roƙon dattawa da ma'aji da shugabannin Zumuntar Mata, a zamanku na gaba ku sa wayar bango a jerin abin tattaunawa. Kada mu bari sai jajibirin Kirsimeti ko babban taro, don ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba mu hikimar riƙon amanar baikon jama'arsa. Amin.