Kafin Ka Biya Kuɗin Kwantirolar DJ, Ka Ji Abin da Take Faɗa wa Kwamfuta

Da an kwashe gero, kakar aure ta kama, matasan da ke hayar sifika a Illela ba su da zama. Yau kamu a cikin gari, gobe wuni a Kalmalo, jibi wani ɗan'uwa ya aiko daga Ƙonni, tsallaken iyakar Nijar, a je a raya masa biki. Da can kwamfuta da linzami sun wadatar. Yanzu kuwa uwar biki ta ga bidiyon bukukuwan Kano da Abuja a wayarta, tana so ta ga akwatin nan mai faifai biyu da fitilu a gaban mai kiɗa. Shi ya sa yaro kan tara kuɗin wata da watanni, wani ma ya sayar da tunkiyarsa a kasuwar Lahadi, don ya sayi kwantirola ta hannu.

Abin da ke biyo baya sananne ne. An jona ta, fitilu sun kama, amma an danna maɓalli waƙa ba ta tashi ba. Ko an ja fedar hagu, ƙarar dama ta sauka. Ko an taɓa faifai kaɗan, waƙa ta yi tsalle ta faɗa ƙarshe. Sai a ce ta lalace, a kai ta wurin mai gyaran rediyo ya kwance ta, ya taɓa abin da lafiyarsa lau, a dawo da ita da ciwon da ba ta tafi da shi ba. A mafi yawan lokuta ba akwatin ne ke da laifi ba. Saitin da ke raba wa maɓallai aiki ne babu, ko kuma an ɗora wanda ba nata ba.

Kwantirola ba ta ɗauke da waƙa ko ɗaya, kamar dai yadda rimot ba ya ɗauke da fim. Saƙo kawai take aikawa ta igiyar USB, a wani yare na na'urorin kiɗa da ake kira MIDI. Yaren ya girmi duk wani DJ matashi da ke Illela. A watan Janairun 1983 aka fara nuna shi a bainar jama'a a Amurka, inda aka haɗa na'urar kamfanin Sequential Circuits na Dave Smith da ta kamfanin Roland na Ikutaro Kakehashi ɗan Japan, suka fahimci juna. Har yau tsarin bai canza sosai ba a na'urorin da ke hannunmu. Kowane saƙo yana tafiya ta ɗaya daga cikin layuka 16, yana ɗauke da lambar abin da aka taɓa, da kuma adadi tsakanin 0 da 127. Ka danna maɓalli, yawanci sai ya aika 127. Ka sake shi, ya aika 0. Ka ja feda daga ƙasa zuwa sama, lambobi su bi ta a jere daga 0 har 127. Iyakar abin da akwatin ya sani ke nan. Manhajar da ke cikin kwamfuta ce ke duba jadawalinta ta ce, lamba kaza a layi kaza tana nufin a tayar da waƙar hagu. Wannan jadawalin shi ne saitin. In babu shi, kwantirolar miliyan ɗaya da ta dubu hamsin duk kurame ne.

Daga nan gargaɗin farko ya fito, kuma tun a wurin ciniki ake faɗa masa. Kamfanoni kan ƙera kwantirola ne da wata manhaja a ransu. Pioneer DDJ-400, wadda ta fito a 2018, don rekordbox aka yi ta. DDJ-SB3 ta Serato ce. DDJ-FLX4, wadda ta gaji DDJ-400 a 2022, tana aiki da duka biyun. Serato ba ta buɗe wa kowace na'ura ƙofa sai wadda ke cikin jerin da kamfanin ya amince da shi, kuma sauya aikin maɓallai da kanka sai a Serato DJ Pro, wadda ake biya. VirtualDJ, wadda yawancin yaranmu suka koyi aiki da ita, ta san ɗaruruwan kwantirololi ba tare da an saita mata komai ba, amma ta kyauta don gida aka yi ta. In ba ka da lasisi, takan bar kwantirola ta yi aiki na minti 10 ne ta yanke. Ka ƙaddara hakan ta faru ana tsakiyar liƙi ga amarya. Lasisin da kan zo da sabuwar na'ura kuwa, sau da yawa mai ita na farko ya riga ya yi rajistarsa da sunansa a wata ƙasa, kai akwatin kawai ya iso gare ka.

Saboda haka kada fitila ta ruɗe ka. Ka tafi da kwamfutarka wurin mai sayarwa. In ka ce, "Maigida, a jona muna ita mu gani," zai iya ce maka, "Haba ƙanena, ba ka ga hitilunta na ci ba?" Ka yi dariya, ka dage. Fitila wutar USB kawai take nunawa. Buɗe shafin saitin kwantirola a manhajarka, wurin da ke nuna saƙon da ke shigowa, ka bi maɓallai ɗaya bayan ɗaya. Ja kowace feda a hankali kana kallon lambobi. In sun tafi a jere, lafiya. In sun yi tsalle daga 40 zuwa 90, ko suna rawa alhali ba ka taɓa komai ba, fedar ta ci, ko ƙura ta cika ta. Wannan kam ciwon ƙarfe ne, saiti ba ya maganinsa, sai a rage maka kuɗi ko ka bar masa kayansa. Ka girgiza bakin igiyar USB kaɗan, domin nan ne kwantirola ta hannu ta fi mutuwa. Sannan ka tabbatar tana da ramin fitar da sauti da na abin kunne. Akwai ƙanana masu araha da ba su da katin sauti sam, mai saye ba ya ganewa sai ya kai gida.

Gargaɗi na biyu ya fi ɗaci, don kusan kowa na ciki. Ana sayar da manhajar sata a filas, an fasa ta, an haɗa da "saiti na musamman", a farashin kwanon tuwo. Irin waɗannan fayiloli sananniyar hanya ce ta shigar da ƙwayar cuta cikin kwamfuta, kuma abu na farko da mai ɗora ta kan ce shi ne ka kashe manhajar tsaro. Kwamfutar DJ kuma filas nawa ke shiga cikinta a dare guda? Kowace ƙawar amarya da waƙar da take so. Ga wanda ba shi da kuɗin lasisi akwai hanyar halal: Mixxx kyauta ce gaba ɗaya, ba ta da iyakar minti, tana aiki a Windows da Mac da Linux, kuma ta zo da saitin kwantirololi da dama a cikinta, har da DDJ-400. Ba ta kai VirtualDJ kwalliya ba, gaskiya, amma ba za ta ba ka kunya a gaban surukai ba.

To yaya ake saitin? Da farko a duba ko manhajar ta riga ta san na'urar. In ta sani, a bar saitin kamfani yadda yake, a kwafe shi, a yi gyare-gyare a kan kwafin. In akwai direban da kamfanin ya tanada, a sauko da shi daga shafin kamfanin, ba daga hannun wani ba. A rufe duk wata manhajar kiɗa, domin a yawancin kwamfutocin Windows da ke hannunmu manhaja biyu ba sa riƙe kwantirola ɗaya a lokaci guda. In kuwa manhajar ba ta san ta ba, sai a koya mata. Kusan dukkansu suna da hanyar koyarwa: ka zaɓi aikin a allo, ka taɓa maɓallin da kake so ya yi shi, manhaja ta rubuta lambarsa. Fara da abin da biki ba ya yiwuwa sai da shi, wato tayarwa da tsayarwa, fedar kowane ɓangare, fedar tsakiya, maɓallin sauraro a kunne, da na zaɓen waƙa. Kayan kwalliyar sauti su biyo baya. Ka gama ɓangaren hagu ka gwada shi kafin ka taɓa na dama, kuma ka lura da layi, don sau da yawa maɓallan biyu lambarsu ɗaya ce, layin ne kawai ya bambanta su.

Wurare uku ne ke kayar da mai koyo. Na ɗaya faifai. Shi ba ya faɗin inda yake, yana faɗin ɓangaren da ya juya ne da saurinsa. Wata na'urar takan aika 65 in an juya dama, 63 in an juya hagu. Wata kuma 1 da 127. In ka gaya wa manhaja nau'in da ba shi ba, ko ka saita faifai kamar feda, shi ne waƙa ke tsalle. Na biyu fedar saurin waƙa. Matakai 128 sun yi mata kaɗan, don haka na'urori da yawa kan aika saƙo biyu a haɗe, su ba da matakai 16,384. Wanda ya kama saƙo ɗaya ya bar ɗayan zai yi ta fama, waƙoƙi biyu su ƙi daidaita ƙafa. Na uku shi ne mamurɗin da ke aiki biyu. Ka bar shi a sama, ka koma ɗaya aikin inda manhaja ke ƙasa, da ka taɓa shi sai ƙara ta daka tsalle. Akwai zaɓin da ke sa manhaja ta jira har hannunka ya iso inda take kafin ta bi ka. Kunna shi. Sifika da yawa sun ƙone a kan wannan ɗan sakacin, kuma sau tari sifikar haya ce.

Akwai maɓallin da ke daidaita saurin waƙoƙi biyu da kansa, matasa na ƙaunarsa. A waƙoƙin situdiyo na zamani yana aiki, don na'ura ce ta buga kiɗan. Amma bari dattijo ya aiko a sa masa Narambaɗa ko Ɗanƙwairo ko Shata. Kotso da kalangu hannun mutum ne, yana ɗan gudu yana ɗan ja da baya yadda waƙar ta so, manhaja kuma sai ta ƙirga ba daidai ba ta yi ta jan waƙar. A ganina duk DJ na ƙasar Sakkwato ya ware maɓalli guda a kusa da yatsansa na kashe wannan daidaitawar, da wani na buga saurin kiɗa da hannu. Saitin kamfani ba a yi shi da kiɗan Ɗan Anace a zuciya ba.

Zaman bakin iyaka ma yana da nasa. Kwamfutar da aka sayo daga Ƙonni ko Tawa kan zo da allon rubutu na Faransa, inda A ke zaune a gurbin Q, Z kuma a gurbin W. Wanda ya raba wasu ayyuka ga haruffa sai ya tarar sun sauya wuri in ya ari kwamfutar abokinsa. Filoginsu mai zagayayyun ƙafafu ne, namu mai ƙafa uku masu kusurwa, kuma ƙaramin adaftan da ake haɗa su da shi sau da yawa ba ya kai wayar ƙasa. In ka ji gurnani a sifika, zare cajar kwamfuta. In ya ɗauke, matsalar wuta ce ko janareta, kada ka taɓa saiti. Ƙurar hunturu kuwa maganinta yadi a rufe akwatin da zarar an tashi, kuma kada a zuba wa feda man inji ko kalanzir.

Da zarar saiti ya zauna, adana shi. Ƙaramin fayil ne, bai kai hoto ɗaya nauyi ba. A VirtualDJ yana cikin jakar da aka rubuta wa Mappers, manhajar Traktor na fitar da shi da ƙarshen suna tsi, rekordbox kuma csv. Ka sa kwafi a filas ɗin da ba ya zuwa biki, ka tura wa kanka wani ta imel ko WhatsApp, ka kuma zana akwatin a takarda ka rubuta aikin kowane maɓalli. Wanda ya biya wani ya saita masa, ya karɓi fayil ɗin a hannunsa, haƙƙinsa ne. Mutanen Illela ba sa bukatar a tuna musu dalili. An rufe iyaka a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta ba sai Disambar 2020. An sake rufe ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris na 2024. Wanda gwaninsa ke Ƙonni, kwamfutarsa kuma ta ɓaci a irin wannan lokaci, sai dai ya ɗauko aikin daga tushe.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada a ɗora sabon zubin manhaja ko a gwada saitin wani a ranar biki. A gwada komai a gida, da sifika, na tsawon awa guda ko fiye, a kuma duba cewa sautin jama'a na fita ta nasa ramin, na kunne ta nasa, don wannan shafi ne daban da na maɓallai kuma shi ma yakan rikice. A ajiye igiyar USB ta biyu a jaka, da waya mai waƙoƙi da aka riga aka jona wa amfilifaya, ko da kwamfuta za ta ɗauke.

Saura mamurɗin babbar ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron ƙara mai tsanani, kuma a 2022 ta fitar da ƙa'idar cewa matsakaicin ƙarar wurin taro kada ya wuce desibel 100. A bikinmu yara ƙanana ne ke manne wa bakin sifika, uwaye kuma da goyo a baya. Kunna abin da ke daƙile ƙara a manhaja, daidaita amfilifaya tun kafin mutane su taru, sannan ka manna ɗan salatif a kan mamurɗin, daidai inda ba za ka wuce ba ko da abokan ango sun matsa.