Sabuwar Kwamfuta Ta Ƙi Tashi: Kafin a Ce Kayan Jabu Ne

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a bakin matasanmu masu haɗa kwamfutar tebur da hannunsu: idan ka gama haɗawa, ka danna makunni ta yi shiru, to an sayar maka da mataccen madabod ko jabun fawa saflai, wato akwatin wuta. Masu wannan fahimta suna da hujjarsu. Kayan gwanjo sun cika kasuwa, wani akwatin wutar an rubuta masa wat 500 alhali ba zai iya ɗaukar nauyin ba, kuma wanda ya tara kuɗinsa da gumi dole hankalinsa ya tashi. Ban ga laifinsu ba. Sai dai hukuncin ne nake ganin an yanke shi da wuri, domin shirun kwamfuta a ranar farko ya fi zuwa daga haɗi, ba daga mutuwar kaya ba.

Kwanaki wani ƙanena ya kira ni muryarsa na rawa: "Yaya, sun cuce ni, gobe zan mayar musu da kayansu." Da na je na tarar fanka na juyawa, fitilu na haske, amma allo baƙi ƙirin. Na haska tocila a kusurwar madabod ta sama daga hagu, sai ga ramin wayar furosesa fayau, ba a soka komai ba. Ya sa babbar waya mai ƙafa 24, ya ɗauka ita ke ciyar da kowa. Alhali furosesa tana da tata wayar daban mai ƙafa 8, wadda ke rabuwa huɗu da huɗu. Muna sokawa kwamfuta ta tashi. Da ya kwana da fushinsa, da ya je ya zargi ɗan kasuwar da bai yi masa komai ba.

A nan a kula sosai, domin wayar katin hoto ma ƙafa 8 gare ta, amma ita shida da biyu take rabuwa, kuma jerin wutarsu ba ɗaya ba ne. Wanda ya danna ta da ƙarfi a ramin furosesa zai iya jawo ɓarnar da yake zargin wani da ita. Haka wayoyin da ake cirewa daga jikin fawa saflai: na wani kamfani ba sa zama a na wani, ko da bakinsu ya shiga daidai.

Wani zai ce, to ni ko fanka ba ta motsa ba, wannan fa? Shi ma bai isa hujja ba. A bayan fawa saflai akwai makunni mai alamar I da O, kuma sau da yawa a kashe yake zuwa. Sannan maɓallin gaban akwati ba ya aiki sai an ɗora 'yar siririyar wayarsa a kan ƙafafu biyu da aka rubuta wa PWR SW. Kuskuren ƙafa ɗaya ya isa ya hana komai. Gwajin mai sauƙi ne: taɓa ƙafafun biyu da bakin sukudireba na daƙiƙa guda. In ta tashi, madabod lafiyarsa lau. Tsofaffin akwatunan wuta kuma suna da ɗan jan makunni na 115 da 230. Wutarmu 230 ce, kuma wanda ya jona shi yana kan 115 zai ji ƙara da ƙauri.

Sai batun RAM, wanda na fi ganin ya wahalar da mutane. Sabon shiga yana tsoron dannawa kada ya karya, sai ya bar ta rabi a ciki rabi a waje. Dole a ji ta ce ƙas. Idan guda biyu ce a madabod mai rami huɗu, yawancin littattafan da ke zuwa da shi suna cewa a sa a rami na biyu da na huɗu daga gefen furosesa. Sabbin injuna masu DDR5 kuma kan ɗauki mintuna a kunnawar farko suna daidaita kansu, allo a duhu. Mai gajen haƙuri sai ya zare fulogi ya ce ta mutu.

Akwai ma lokacin da kowane kaya lafiyarsa ƙalau, amma ba su san juna ba. Madabod na B450 da aka ƙera kafin fitowar Ryzen 5000 a 2020 ba zai gane wannan furosesa ba sai an sabunta masa BIOS. Furosesar Intel mai harafin F a ƙarshen lambarta ba ta fitar da hoto da kanta, don haka wayar allo sai a jikin katin hoto za ta yi aiki.

Ban ce kaya ba sa zuwa a mace ba. Suna zuwa, kuma mai saye yana da haƙƙin a canza masa. Amma a je da shaida. A fito da madabod daga akwati a ɗora shi a kan kwalinsa, domin ƙafar tagulla guda ta cikin akwati da aka ɗaura ba a gurbinta ba tana iya taɓa bayansa ta hana shi tashi. A bar furosesa da fankarta, RAM guda ɗaya, da fawa saflai. In lokacin hunturu ne, a taɓa ƙarfe kafin a taɓa kaya saboda tartsatsin jiki. A duba ƙananan fitilu huɗu da madabod da yawa ke da su, CPU, DRAM, VGA da BOOT: wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna inda tafiya ta tsaya. A ari fawa saflai mai aiki wurin aboki a gwada. In duk an yi haka shiru ya ci gaba, sai a rubuta abin da aka gwada ɗaya bayan ɗaya, a ɗauki rasit a nufi shago.