Na'urar Mararraba: Abin Da Mai Saye Zai Duba Kafin Ya Biya

Kowane akawu ya san aikin mai rarraba wasiƙu a gidan waya. In jaka ta iso sai ya zazzage ta, ya karanta adireshi, ya jefa kowace takarda cikin ramin garinta. To, a manyan gidajen nan da a ke tara dubban kwamfutoci don ajiye bayanan bankuna da gwamnatoci da kamfanoni, waɗanda a ke kira cibiyoyin bayanai, akwai wata na'ura mai irin wannan aiki. Turawa suna ce mata suwic, mu kuwa a nan za mu kira ta mararraba, domin a gare ta hanyoyi su ke haɗuwa, daga gare ta kuma su ke rabuwa. Akwati ne shimfiɗaɗɗe, kaurinsa galibi bai kai inci biyu ba, gabansa cike da ƙofofin da a ke soka waya. Kowace kwamfuta takan yanyanka saƙonta ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi da adireshinsa, ita kuwa mararraba ta karanta, ta miƙa shi ga ƙofar da ta dace.

Tsarin da a ke bi wajen wannan aike-aike, watau Ethernet, Robert Metcalfe ne ya ƙago shi a Amurka cikin 1973. Mararraba ta farko kuwa wani ƙaramin kamfani mai suna Kalpana ne ya fito da ita kasuwa cikin 1990, kafin Cisco ya saye shi a 1994. Yau masu sayarwa sun yi yawa. Ga Cisco da samfurinsa Nexus, ga Arista, ga Huawei na ƙasar Sin, ga Juniper wanda HPE ya saye a 2025, ga kuma Nvidia wanda ya shigo sana'ar ta hanyar sayen Mellanox a 2020. Duk hukumar da ta nemi farashi sai kowa ya kawo mata takarda mai ƙyalli, kowa yana cewa tasa ta fi sauri. Kwamitin saye kuwa, da ya ke lambobi biyu kaɗai ya ke iya ganewa, watau kuɗi da sauri, sai ya yanke shawara a kansu. Nan ne asarar ta ke.

Dalili kuwa shi ne, in an buɗe akwatunan nan, sau da yawa ƙwaya iri ɗaya za a tarar a ciki. Ƙwayar nan ta silikon ita ce ke yin ainihin aikin rarrabawa, kuma kamfanin Broadcom ne ke sayar da ita ga da yawa daga cikin masu ƙera akwatunan. Gaskiya ne Cisco da Nvidia suna da nasu ƙwayoyin, amma Arista da Dell da wasunsu sun dogara ƙwarai ga Broadcom. Iri uku gare shi da su ka shahara. Tomahawk ita ce ta tsabar gudu, Trident ta fi yawan dabaru, Jericho kuwa ta fi wurin ajiya. Dubi yadda Tomahawk ta yi ta ninkuwa: ta 2014 tana ɗaukar terabit 3.2 a daƙiƙa, ta 2019 terabit 25.6, ta 2022 terabit 51.2, wadda aka sanar a 2025 kuwa terabit 102.4. Terabit ɗaya gigabit dubu ke nan, saboda haka ta 2022 ɗin tana iya ciyar da ƙofa 64, kowace mai gigabit 800. In akwati biyu suna ɗauke da ƙwaya ɗaya, gardama a kan wanda ya fi sauri ɓata lokaci ce.

Lissafin da ya fi amfani mai sauƙi ne, ɗan firamare ma ya iya shi. A yawancin cibiyoyi akan jera mararrabai bene biyu, bisa dabarar da Charles Clos ya bayyana cikin 1953 don wayar tarho. Na ƙasa su ke karɓar kwamfutoci, na sama kuma su haɗa na ƙasa da juna. Ɗauki ta ƙasa mai ƙofa 48, kowace gigabit 25, jimla 1,200 ke nan. In hanyoyinta na hawa sama guda shida ne masu gigabit 100, to 600 kaɗai ke iya wucewa lokaci guda, watau rabi. In takwas ne, 800. Ba laifi ba ne, domin da wuya dukan kwamfutoci su yi magana gaba ɗaya, amma ya kamata mai saye ya san wanne a ke sayar masa.

Sa'ad da saƙo ya fi ƙarfin ƙofa, dole ƙunsoshi su tsaya su jira, kamar baƙi a zauren mai gari. In zauren ya cika, abin da ya biyo baya sai a zubar, a sake aiko shi daga tushe. A nan ne na'urorin su ka bambanta ƙwarai da gaske. Trident ta uku zaurenta megabait 32 ne, alhali waɗanda aka gina bisa Jericho suna da gigabait da dama, watau ninki ɗari ko fiye. Mai gaggawa zai ce a sayi mai babban zaure kawai. A'a. Ta fi tsada, ta fi shan wuta, kuma doguwar jira ita ma jinkiri ce. Inda kwamfutoci da yawa su kan aiko wa guda ɗaya kaya a lokaci guda, kamar wajen kwafe bayanai don ajiya da dare, ko inda hanya mai faɗi ta ke zuba cikin ƙunƙuntacciya, babban zaure ya biya kuɗinsa. Ga aikin yau da kullum kuwa ƙarami ya wadatar. Batun jinkirin da ke ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, wanda 'yan talla su ke yawan ambata, ya dami 'yan kasuwar hannun jari da masu horar da ƙirƙirarriyar basira. Mai ajiye takardun albashi ba zai taɓa jin bambancinsa ba.

Sai maganar kuɗi. Wanda ya sayi doki ya san ba ranar ciniki a ke gama biya ba, sauran harawa da dawa da barga. Akwatin nan ƙofofinsa fanko ne. Kowace ƙofa da za ta bi da wayar gilashi sai an saya mata ɗan kan haske da a ke cusawa ciki, kuma in an cika ƙofofi masu sauri, kuɗin waɗannan kawuna yakan kai na akwatin, har ya wuce. Wasu masu ƙera kuma su kan shirya na'urarsu ta ƙi kan da ba nasu ba. A tambayi wannan tun kafin a sa hannu. In tazarar ba ta wuce mita biyu ko uku ba, wayar tagulla ta isa, ta kuma fi araha nesa ba kusa ba.

Bayan wannan ga lasisin manhaja, wanda wasu su ke karɓa shekara-shekara, har ma su rufe wasu dabaru sai an ƙara kuɗi. Ga kuma wuta. A ce na'ura tana shan wat 400, ba ta hutawa dare da rana. A shekara ta sha kilowat-awa 3,504. Bisa farashin naira 225 da aka sanya wa masu rukunin A a Nijeriya cikin Afrilu 2024, wannan ya kama naira 788,400, ba a sa kuɗin sanyaya ɗaki ba, balle man janareta. Cibiyoyin Legas da Abuja da dala su ke sayen kayan nan, saboda haka lasisin shekara-shekara yakan ƙara nauyi duk sa'ad da naira ta faɗi.

Akwai wata hanya da manyan kamfanoni su ka buɗe. Akan sayi akwati tsirara daga masu ƙera irin su Edgecore na Taiwan, a ɗora masa manhajar kyauta, kamar SONiC wadda Microsoft ya saki a 2016. Kuɗin saye yakan ragu sosai. Amma fa Microsoft yana da injiniyoyi masu yawa da za su tashi tsakar dare su gyara. Hukumar da ma'aikatanta biyu ne, kuma samfuri guda su ka koya, arahar nan za ta koma mata tsada ranar da abu ya tsaya, albashi ya maƙale. Ni a ganina, abin da ya kamata a fara rubutawa cikin takardar kwatanci shi ne wa zai riƙe na'urar, kwana nawa za a horar da shi, kwana nawa kuma kayan gyara za su yi kafin su iso. Sa'an nan a tara dukan kuɗin shekara biyar, a gwada jimla da jimla.

Saura abu guda ƙarami da a kan manta. Fankokin mararraba iri biyu ne, wasu suna jan iska daga wajen ƙofofi su fitar ta baya, wasu kuwa akasin haka. A ɗakin kwamfuta layin sanyi dabam, layin zafi dabam, kuma sau da yawa akan ɗaura mararraba ƙofofinta suna duban baya, inda wayoyin kwamfutoci su ke. In aka yi odar wadda iskarta ta saɓa, sai ta yi ta shaƙar hucin maƙwabtanta. Lambar odar ta kan bambanta da harafi ɗaya ko biyu kawai, saboda haka akawun da ke cika takardar ya duba ta sau biyu.