Tabarmar kaba ko ta roba: wacce ta fi dacewa da muhalli?

A ƙauyukan ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, kamar Sharabi, da wuya a shiga gidan da babu tabarma, domin a kanta ake sallah da karatu da karɓar baƙi.

Sai dai a kasuwannin yankin, wanda ke kan iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin, tabarmar roba tana ƙara ture ta kaba, saboda arha da kuma sauƙin wankewa.

Ana yin tabarmar roba ne da sinadaran da ake samu daga man fetur, kuma ba ta ruɓewa. Idan rana ta cinye ta sai ta marmashe, ruwan sama kuma ya kwashi ɓurɓushin zuwa gonaki da kogin Neja, inda masunta ke neman abinci.

Wani rahoton ƙungiyar OECD na shekarar 2022 ya ce kashi 9 cikin 100 ne kawai na sharar roba a duniya ake sake sarrafawa.

Ƙona ta ma ba mafita ba ce, domin hayaƙin na cutar da huhu, musamman nau'in PVC, wanda da shi ake yin yawancin tabarmin motsa jiki irin na yoga a birane.

Ita kuwa tabarmar kaba, da ganyen ƙaramar goruba ake saƙa ta, kuma idan ta tsufa takan koma ƙasa. Bugu da ƙari, kuɗinta na shiga hannun masaƙan karkara ne.

To amma ita ma tana da nata ƙalubalen: idan aka yawaita yankar kaba, gorubar ba ta samun damar girma ta zama bishiya, balle ta yi 'ya'ya.

Don haka abin da mai saye zai fi lura da shi shi ne ƙarko. Ya duba ko saƙar ta matsu, ko an ɗaure bakinta da kyau, sannan ya guji mai warin danshi.

A gida kuma, a riƙa naɗe ta ana ɗagawa daga ƙasa saboda gara.

Wanda kuma ya riga ya mallaki ta roba, gara ya riƙa ajiye ta a inuwa domin ta daɗe, maimakon sayen sabuwa kowace shekara.