Jan Tsiro A Idon Kare: A Yanke Ko A Ɗinke?

A ƙasar Daura, daga Sandamu har Mai'aduwa da Zango da Baure, karen gida ma'aikaci ne. Shi ne mai gadin garken awaki da dare, shi ne abokin mafarauci da rani. Yanzu kuwa ga karnukan ƙasashen waje sun shigo, waɗanda ma'aikata da 'yan kasuwa ke sayowa daga Kano ko Kaduna da kuɗi masu yawa. Su ne suka fi kamuwa da ciwon da za mu yi magana a kai.

Wata safiya sai a ga wani jan nama, kamar ƙwayar wake, ya fito a kusurwar idon kare ta wajen hanci. Turawa sun sa wa ciwon sunan wani jan ɗan itace na ƙasarsu, don kamarsu ɗaya. Yawanci yana samun kare kafin ya cika shekara 2, musamman masu gajeren hanci irin su buldog. Karnukanmu na gida ba safai yakan same su ba. Ba ya yaɗuwa zuwa ga mutum ko wata dabba. Amma in ya fito a ido ɗaya, sau da yawa ɗayan ma yakan bi baya.

To, mene ne wannan nama? Ku dubi idon kaza da kyau, za ku ga wata 'yar fata tana giftawa tana share shi. Kare ma yana da irinta, ita ce fatar ido ta uku. A gindinta akwai wani ɗan ƙululu mai yin hawaye, wanda yake ba da wajen kashi ɗaya cikin uku na ruwan da ke jiƙa ido. Wani siririn zare na nama ne yake riƙe da shi. In zaren ba shi da ƙarfi, sai ƙululun ya zame ya leƙo waje, iska da ƙura su buge shi ya kumbura. Ashe ba baƙon tsiro ba ne, wani sashe ne na idon ya bar mazauninsa.

A nan ne masu kare da yawa suke yin kuskure. Mun saba ganin wanzami ya cire beli da aska, sai mu zaci wannan ma a datse shi a huta. Ko likitocin dabbobi ma a da haka suke yi, kuma idon yakan yi kyau a 'yan watannin farko. Daga baya ne wahala take zuwa. Hawaye ya ragu, ido ya bushe, kwantsa mai kauri ta riƙa taruwa, baƙin idon ya dushe, wani karen har ya makance. Wanda ya san hunturun Daura da ƙurarsa ya san abin da busasshen ido zai sha. Irin wannan kare sai an riƙa ɗiga masa magani kowace rana muddin ransa, kuɗin kuwa ya fi na tiyata nesa ba kusa ba.

A shekara ta 1993 wata likitar dabbobi a Amurka mai suna Morgan, tare da abokan aikinta, suka bayyana wata dabara da ake bi har yau. Ana yi wa kare allurar barci. Likita ya tsaga fata kaɗan a gaban ƙululun da bayansa, ya tura shi ciki kamar a aljihu, ya ɗinke da zare mai narkewa da kansa, ya bar ƙofa a gefe domin hawaye ya fita. Galibi aiki ɗaya ya isa, ko da yake wani lokaci yakan sake fitowa a maimaita.

Ku fara da likitan dabbobi mafi kusa, domin ba kowane jan abu a ido ne wannan ciwo ba. Ƙaya ma tana iya sa kumburi. In aikin ya fi ƙarfinsa, akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato. Ku tafi da takardar rigakafin haukan kare, ku kuma tambaya tun wane lokaci za a hana shi abinci kafin allurar barci.

Kafin nan, ku riƙa share idon da auduga da tafasasshen ruwa da ya huce. Kada a sa kwalli, ko ruwan ganye, ko ragowar maganin idon wani a gida. Waɗansu magungunan suna ƙara ɓata ido in akwai gyambo a ciki. Bayan aiki za a sa masa wani abin roba a wuya mai kama da mazurari, don kada ya sosa. Zai ƙi shi, yara kuma za su ji tausayinsa su so cirewa. Ku hana su har mako 2 ya cika, ko sai ranar da likita ya ce a cire.